Ɗinki Huɗu a Bayan Cinya

Ƙarar cokali ce ta tashe ta. Wata irin kaɗawa siririya, kiris-kiris-kiris, kamar ana dama shayi a ɗakin da babu kowa. Matar mai gyaran takalma ta yi lamo a kwance tana saurare, tana karanta abin da ya zo bakinta. Da ta yi ƙarfin hali ta kunna fitila, sai ga kofin gilashi a kan durowar gefen gado, cokali a ciki yana rawa shi kaɗai. Ta dafa durowar, ta ji ita ma rawa take yi. Durowar tana jingine da gado, gadon yana kaɗawa, a kan gadon kuwa mijinta ne ya dunƙule yana makyarkyata, haƙoransa suna haɗuwa.

Ta lulluɓa masa bargo biyu, ta ƙara da rigar sanyinsa.

"Sanyi ne kawai," ya ce da ƙyar. "Kashe fitilar nan, kada a ce muna biki."

Kafin asuba rawar ta tsaya, ta yi hamdala. Amma ba ta koma barci ba, domin ta san abin da babu wanda ya sani a duk benen nan sai su biyu.

Kwana biyar da suka wuce ya dawo daga shago da rana tsaka, yana tafiya a tattale kamar wanda ya ɓoye ƙwai tsakanin ƙafafunsa. Shagon nasa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar ginin da ke kallon nasu, in ya miƙa hannu biyu yana taɓa bango da bango. Shekara arba'in yana zaune a ciki, bai taɓa ajiye guduma a wurin almakashi ba. Ran nan ya bar wuƙar yankan fata a kan benci, idonsa da yanar ido ta fara rufewa bai gan ta ba, ya zauna a kai. Ta tsaga masa bayan cinya, tsawon ɗan yatsa.

Ta ce asibiti. Ya ce ko da wasa. Yayarsa da ɗansu da ke aiki a wani gari sun daɗe da ƙulla magana: ranar da ya ji wa kansa ciwo saboda ido, ranar za a sa wa shago kwaɗo. Shi kuwa ya ce a raba shi da shagon, gara a raba shi da numfashi. Ya zaro allura mai lanƙwasa da zaren kaki daga aljihu, ya kwanta rub da ciki, ya ciji matashin kai. Ita ta tafasa allurar, ita ta yi ɗinkin, guda huɗu. Da ta gama ya miƙo mata gwangwanin gam.

"Shafa a kai. Abin da ya riƙe tafin takalmin ɗan dako shekara uku, fatar tsoho ce za ta gagare shi?"

Ta shafa. Sannan ya kama hannunta ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, ba Yaya ba, ba yaron ba, ba likita ba.

Da gari ya waye ta kawo masa shayi. Ya dube ta kamar baƙuwa, ya ce, "Inna, kin ga takalmin hagu na direban nan? Yau zai zo karɓa." Mahaifiyarsa ta rasu tun kafin a yi aurensu. Direban ma ya kai shekara goma a ƙasa.

Tana tsaye da kofi a hannu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarsu ce, matar mai gyaran famfo, wadda bangon da ya raba ɗakunansu bai taɓa ɓoye mata ko tari ba.

"Maƙwabciya, injin ɗinki kuka saya ne? Jiya bangona har..." Ta leƙa ta kan kafaɗarta, maganar ta maƙale. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta zaro waya ta kira motar asibiti. Da ta kashe, ta sake latsawa ta kira Yaya.

Yaya ce ta riga zuwa, da yake layi biyu ne tsakaninsu. Doguwar tsohuwa ce mai sanda, ba don ƙafa take riƙe sandar ba, don nuni. Shekara talatin da ɗaya da auren ƙanenta, har yau Amarya take ce wa matarsa. Ta dafa goshinsa, ta juyo.

"Babu zazzaɓi. Jikinsa sanyi ƙalau. Mutumin da ba shi da zazzaɓi yana sambatu? Amarya, me kika ba shi ya ci?"

"Abin da na ci, Yaya."

"Ke ga ki garau. Ruwa ba ya tsami banza."

Ta wuce kicin tana buɗe tukwane, tana shinshinawa.

Ma'aikatan motar asibiti biyu suka hawo da jakunkuna. Namijin dogo ne, sai da ya sunkuya ya shigo. Macen 'yar guntuwa ce, ta ɗan manyanta, agogonta ba a hannu yake ba, a ƙirjin riga ta maƙala shi, kuma kansa a ƙasa, yadda ita kaɗai za ta iya karantawa in ta sunkuyar da kai. Matar mai takalma ta ga agogon ta ji ba ta yarda da matar ba. Wanda ke ɓoye wa mutane lokaci, me kuma zai ɓoye?

"Sannu Baba," in ji 'yar guntuwar, ta durƙusa gefen gado. "Ka san inda kake?"

"Shago," ya ce. "Ajiye su nan, sai jibi."

"To, sai jibin. Yi mini murmushi. Yawwa. Ɗaga hannuwanka biyu. Madalla." Ta ce wa Dogon, "Ba shanyewar jiki ba ce. Duba sukari."

Dogon ya soki ɗan yatsansa, ya ɗiga jinin a wani ɗan tsinke, ya ce sukari lafiya lau.

Sai 'yar guntuwar ta kama wuyan hannun mara lafiyan ta yi shiru. Nan matar mai takalma ta lura da abin da ya ƙara mata zargi. Yatsun matar suna kan jijiyar hannu, amma idonta ba ya can. Yana kan ƙirjinsa, yana bin bargon da ke tashi yana sauka, sannan ya gangara kan agogon nan mai kai a ƙasa. Ta riƙe hannu ne don a zaci hannu take dubawa. Wannan mata ta iya yaudara, in ji matar mai takalma a ranta, kuma mai iya yaudara shi ke gane mai ɓoyo.

"Numfashi ashirin da takwas," in ji 'yar guntuwar. Ta ɗago ta ga irin kallon da ake mata, ta yi ɗan murmushi. "In mutum ya san ana ƙirga numfashinsa, Mama, sai ya gyara shi. Shi ya sa muke sata."

Dogon ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya maƙala wani ɗan abu mai jan haske a yatsansa, ya sa ma'aunin zafi a kunne. Yana faɗa, tana rubutawa a wani kati mai layi-layi masu launi. Bugun zuciya ɗari da ashirin da huɗu. Awon jini tamanin da takwas bisa hamsin. Zafin jiki talatin da biyar.

"Ai na faɗa, babu zazzaɓi," Yaya ta ce daga bakin ƙofa, da tukunyar miya a hannu. "'Yata, wannan za ku tafi da ita a auna. Abu aka sa masa."

"Ajiye tukunyar, Gwaggo. Da jikinsa ya yi zafi da hankalina ya fi kwanciya. Zafi alama ce jiki yana faɗa. Sanyin nan kuwa, ya fara ajiye makami ne."

Ta danna farcen babban yatsansa har ya yi fari, ta ƙirga biyar, ta saki, ta ci gaba da ƙirga a hankali tana jiran jini ya dawo. Sai da ta kai huɗu. Ta ja fatar idonsa ta ƙasa ta leƙa, ta buɗe leɓensa ta duba ciki. Ta yaye bargon daga ƙafafu, ta naɗe wandon zuwa gwiwa, ta haska da 'yar fitila. Taƙi ɗaya ya rage tsakanin hannun 'yar guntuwar da gam ɗin. Gwiwoyin sun yi dabbare-dabbare, wani wuri duhu wani wuri toka-toka, kamar bangon da ruwa ya jiƙa ya bushe. 'Yar guntuwar ta buɗa tsakanin yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, ta duba diddige, ta saurari ƙirjinsa, ta danna cikinsa.

"Mama, yaushe rabonsa da fitsari?"

Ta yi tunani. "Tun jiya da azahar."

"Ya yi rawar sanyi?"

"Ya yi," in ji maƙwabciya kafin a tambaye ta. "Har hoton da ke bangona ya karkace."

'Yar guntuwar ta haɗa lambobin katin da bakin biro, ta nuna wa Dogon. Shi da ya shigo yana tsokanar ƙofa wai an yi ta don gajeru, ya bar wasa nan take. Ya ciro robar iska ya rufa wa mara lafiyan a hanci da baki, ya fara neman jijiyar ƙarin ruwa a hannunsa.

"Ku saurare ni duka," ta ce. "Babu abin da aka sa wa Baba a abinci. Ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa, jikin ya tashi yaƙi da ita, yaƙin ya fi ƙarfin gida har ya fara cin ƙoda da zuciya da kai. Mu sefsis muke ce masa. Ba a ganinsa da alama ɗaya. Numfashi ya yi sauri, zuciya ta yi gudu, jini ya sauka, fitsari ya ɗauke, hankali ya gushe. Kowanne shi kaɗai sai a ce gajiya ce. In suka taru, sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Amma cuta ba ta faɗowa daga sama, tana da ƙofar da ta bi ta shiga. Mama, yana tari?"

"A'a."

"Yana kukan zafin fitsari? Ciwon haƙori? An yi masa aiki kwanan nan?"

"A'a."

"Rauni fa? Ko ƙanƙane. Ƙusa, ƙaya, yanka, ƙuna."

"Babu," in ji matar mai takalma. Ta ji kalmar ta fita kamar tsakuwa.

'Yar guntuwar ta dube ta, ta ɗan ja iska ta hanci. "Warin gam nake ji."

"Mai gyaran takalma ne," in ji Yaya. "Ko likkafaninsa warin gam zai yi. Allah ya sa ba yanzu ba."

"Haka ne." Amma ta sake jan iskar, kuma idonta bai bar fuskar matar ba. "Akwai wani wari a ƙarƙashinsa. Bari mu juya shi in duba baya."

Ta sa hannu a kafaɗarsa. Sai mara lafiyan ya zabura, ya fizge robar daga fuska, ya cafki hannun matarsa da ƙarfin da babu wanda ya zaci ya rage masa. Idonsa ya washe na ɗan lokaci, ya gane ta sarai.

"Kin rantse," ya ce. "Kin rantse fa."

Yaya ta ajiye tukunyar a ƙasa a hankali.

"Da walakin, goro a miya. Rantsuwar me, Amarya?"

"Sambatu ne, Yaya. Ɗazu ma Inna ya ce mini."

"Ɗazu bai san ki ba. Yanzu ya san ki." Ta nuna ta da sanda. "Me kuka ƙulla? Ko me kika yi masa kika sa shi ya rufa miki asiri?" Sannan ta juya kan 'yar guntuwar. "Ke kuma, ba za a tuɓe ƙanena a gaban taron mata ba. Ku kai shi wurin likita namiji."

Dogon ya mayar da robar, ya sake duba awon jini. "Tamanin da biyu," ya ce a hankali. "Yana sauka. Mu tafi, Anti, ma duba a gaba. Mu ɗauke shi da zanin gadon yadda yake, kada ya sake tashi."

'Yar guntuwar ta gyaɗa kai. Ta ciro waya ta kira asibiti. Matar mai takalma tana jin kowace kalma. Namiji, shekara sittin da takwas, ana zaton sefsis, lambobi kaza da kaza, an fara ƙarin ruwa, minti goma sha biyu mu iso, a shirya gado da magani. Sai aka tambaye ta wani abu daga can, ta amsa, "Ba mu gano ba tukuna. Iyali sun ce babu."

Ta kashe wayar, ta matso kusa da matar kamar za ta ɗauki jaka, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Can za su nema, Mama. Za su ɗauki hoton ƙirji, su auna fitsari, su jira sakamako. Za su gano, amma nema yana cin lokaci, shi kuma lokacin ne ba shi da shi. In ƙofar a buɗe take, ko an zuba magani cuta tana ci gaba da shigowa. Ni ba 'yar sanda ba ce. Ban tambayi wa ya yi ba."

Suka shigo da gado mai taya. Dogon ya naɗe gefen zanin a hannunsa ta wajen kai, 'yar guntuwar ta kama ta wajen ƙafa, maƙwabciya ta riƙe jakar ƙarin ruwa sama tana jin kanta ma'aikaciya. Za a ɗaga shi a rufe, a sauka da shi a rufe. Asirin zai fita ta ƙofar nan ba wanda ya gani, Yaya za ta koma kan tukunya, rantsuwa tana nan daram. Matar ta dubi hannuwansa da suka saki nata. Hannuwa ne masu kanta, gam ya zauna a layukansu har ya zama fata. Ta tuna yadda yake cewa gara a raba shi da numfashi. Ga shi kuwa ana raba shi da shi, sau ashirin da takwas a minti.

"Ɗaya, biyu..." in ji Dogon.

"Ku dakata."

Ba ta san muryarta ce ba sai da suka juyo. Ta ratsa tsakaninsu, ta ce a ranta ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kaffara kuwa ta san yadda ake yi. Ta tura ƙugunsa gefe da kanta, ta ja wandon sama.

Maƙwabciya ta yi salati. Bayan cinyar ya kumbura ya yi sumul yana ƙyalli, ya yi duhu tun daga bayan gwiwa har kusa da ɗuwawu. A tsakiya ga ɓawon gam ruwan ƙasa, ya tsage a gefe, mugunya tana tsattsafowa. A ƙarƙashin gam ɗin ana hango ɗinki huɗu na zaren kaki, a jere, tazararsu ɗaya.

"Kwana nawa?" in ji 'yar guntuwar, tana sa sabuwar safar hannu.

"Biyar. Wuƙar fata ya zauna a kai."

"An wanke kafin a rufe?"

"Da ruwan ɗumi. Allurar kuma an tafasa."

"Allurar ba ta da laifi. Wuƙar ce ta shigar da datti, aka rufe ɗaki da ɓarawo a ciki."

Ba ta taɓa ɗinkin ba. Ta shafa gefen kumburin da bayan hannu tana neman inda zafi ya tsaya, ta ciro alƙalami mai kauri ta zana layi a fatarsa, ta zagaye wurin duka kamar mai shata gona, ta duba agogon ƙirjinta ta rubuta lokaci a gefen layin. Ta ce in kumburin ya tsallake layin nan, likita zai san saurin da yake yi. Ta rufe da auduga mai tsabta, ta sake kiran asibiti. "Mun samu. Rauni a bayan cinyar dama, kwana biyar, an rufe da zare da gam. E, gam na takalmi. A kira masu tiyata su tsaya kusa."

Yaya ta zauna a bakin kujera, sandar ta faɗi ba ta ɗauka ba.

"Zarensa ne," ta ce. "Gam ɗinsa ne. Auta, Auta, ka mai da kanka takalmi? Wallahi yau ɗin nan kwaɗo zai hau shagon can. Ke kuma kina kallo ya yi wa kansa wannan, kika yi shiru kwana biyar."

Matar mai takalma ta bar Yaya a kan zatonta. 'Yar guntuwar ma ta ci gaba da haɗa kayanta.

Saukowa da shi bene biyu ya sha wuya. Mutanen gidan suka fito ƙofa-ƙofa, mai gyaran famfo ya kama wa Dogon a kwanar matakala. A hawa na ƙasa mara lafiyan ya buɗe ido, ya nemi fuskar matarsa ya samu. Ya dube ta, ya kau da kai wajen bango. Ta san ya ji.

A bakin mota Yaya ta ɗaga ƙafa za ta hau.

"Mutum ɗaya ke shiga, Gwaggo," in ji 'yar guntuwar. "Likita zai yi tambayoyi, ita ta san ciwon. Hau, Mama. Zauna can, riƙe masa hannun da babu allura."

Ta hau ta zauna. Ta ƙofar da ke buɗe tana hango shagon a tsallaken titi, a rufe, da takalmin wata yarinya ƙafa ɗaya an rataye a jikin ƙofar tun jiya. Dogon ya duba awo ya ce tamanin da shida, jinin ya ɗan hau. 'Yar guntuwar ta ce kada a yi murna tukuna, amma ta ce da ita, "Kin faɗa a kan lokaci, Mama. Ina zaton a kan lokaci."

Dogon ya diro, ya rufe ɓangare ɗaya na ƙofar. Yana miƙa hannu zai jawo ɗayan, maƙwabciya, wadda har yanzu hannunta ke sama kamar tana riƙe da jakar ruwa, ta juya ta dubi Yaya, ta dubi mijinta, ta dubi cikin motar.

"Ni fa abu ɗaya ne ban gane ba," ta ce. "Ta yaya mutum zai ɗinke bayan cinyarsa da kansa, har ɗinkin ya miƙe haka?"